Muna Ɗan Taɓawa

Kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke ba a Malanbil, garinmu na bakin iyaka. Ba ruwan tsawa da iska ba ne, siririn nan ne na marka, mai ratsa bango da tabarma har ya kai ga ƙashin mutum. Jiya da hantsi ina zaune a zaure sai hayaƙin jiƙaƙƙen ice ya taso daga madafa. Nan take na ji yunwa kamar ban karya ba, alhali na sha koko har na bar saura. Hanci ba ya mantuwa. Warin nan ya mai da ni shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar marka, shekarar da na cika uku cur ba ni da aiki.

Sunana Isuhu. Nan aka haife ni, iyayena daga ƙetaren gulbi suka zo. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu takardar da a wancan lokacin ta isa mutum ya soke bik, wato biro, a aljihun gaba ya yi tafiya yana ɗaga kafaɗa. Shekara tara ina riƙe da littafi a wata magaza, wato sito, kusa da duwan, ofishin kwastan, inda manyan motocin da suka taso daga Kwatano ke sauke kaya kafin su haye gada su shiga Gaya. Aikina in tsaya a bakin ƙofa in rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wata safiya muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofar. Mai magazar ya kwashe harkarsa ya koma kudu, ko sallama bai yi mana ba.

'Yan dako washegari suka koma kasuwa, don mai ƙarfi ba ya rasa buhun ɗauka. Ni kuwa, mai bik, na ce bari in jira aikin da ya dace da ni. Na jira wata shida, na jira shekara. Babu mai fiton kayan da ban kai wa takarda ba. Kowa ya ce in dawo bayan Sallah, ni kuma ban tambayi wace Sallar ba. Zuwa shekara ta biyu, ko masu karɓar takardar su sa a aljihun tebur sun daina karɓa. Wani ya gaya mini ba kwana-kwana cewa wanda ya daɗe a zaune hannunsa ya yi sanyi, sun fi son wanda za su ƙwato daga wurin wani.

Abin da na ƙware a kai a shekarun nan shi ne fita. Kowace safiya matata Rabi za ta hura gawayi ta goge mini rigata, in sa bik, in ɗauki tsohon kekena in fita kamar ana jirana. In je in zauna a bencin wani mai shayi a bayan tashar motoci, in kalli motoci har azahar, in dawo ina share gumi. Maƙwabta su ce, “Isuhu, an dawo? Ina aiki?” In ce, “Da godiya.” Yanzu ɗana Habu, da ya gama karatu ya yi wata takwas bai samu wuri ba, in an tambaye shi sai ya ce “ina shomaj”, wato zaman rashin aiki da Faransanci, yana dariya, kamar yana faɗin sunan unguwarsu. Ni a lokacina da in faɗi haka gara a ce na yi sata.

Rabi ce ke riƙe da gidan da ƙosai, har wake da mai suka fi ƙarfinta muka cinye jarin. Sai ga marka, sai ga azumi, suka shigo tare.

Wanda bai ga yunwar marka ba zai ɗauka yunwa da fari take zuwa. A'a. Duniya ta yi kore shar, gero ya fi mutum tsawo a gonaki amma bai yi ido ba, na bara kuma ya ƙare a rumbuna. Kana kallon abinci ko'ina, babu na ci. Rabi takan fita da 'yarmu Zali bayan gari su tsinko tafasa da rama, a dafa, a yayyafa gishiri, ko ƙuli-ƙulin kwaɗawa babu. Ice a jiƙe, sai ta duƙa tana hurawa har idanunta su yi ja. Kunun buɗa-baki in ka ɗebo kana ganin gindin ludayi. Rufin ɗakin yana yoyo wuri uku, mun jera tasoshi, kuma bangon baya ya fara zubewa kaɗan-kaɗan. Sauro kuwa ya samu gari. Gulbi ya yi ja, kullum yana ƙara matsowa.

Habu yana da shekara huɗu a lokacin. Wata rana da la'asar ya ja zanen uwarsa ya ce, “Inna, ni ma azumi nikai?” Rabi ta ce masa e, Allah ya ba shi lada. Ina kwance a ɗaki ina jinsu, na juya fuskata bango na yi kamar ina barci. Ban taɓa tsanar kaina irin ta ranar ba.

Washegari na wuce bencin mai shayi na miƙe hanyar Garu, inda ba a san ni ba. Da na bar gari na tuɓe rigar gugar, na ninke ta a leda, na shiga ƙwadagon cire ciyawa a gonar shinkafa. Mu goma sha wani abu ne a jere, ruwa har gwiwa, ana duƙe ana tafiya gaba tare. Su suna waƙa da Dandanci, harshen mutanen yankin, hannayensu na tafiya da kansu. Ni kuwa rabin abin da nake tugewa shinkafar ce. Suka sa mini suna Komi, wato ma'aikacin tebur, in na tsaya miƙe baya su ce Komi ya tashi sa hannu. Matsattsaku suka maƙale mini a ƙwauri. Abin da ya fi ciwo shi ne ruwa: yana ƙasa, yana sama, yana gangarowa ta goshi har leɓe, kai kuma bakinka a rufe. Da yamma a auna mini shinkafa mai ɓawo a tiya, in kai gida Rabi ta sussuka a turmi a hankali don kada maƙwabta su ji. Kwana shida na yi. A na bakwai na tarar gulbi ya shanye gonar, kan shinkafar kawai ke leƙowa.

Ranar goma ga azumi surukina ya zo. Malam Garba, mahaifin Rabi, mai sayar da tabarmi da igiya ne, duk ranar kasuwa yakan hayo gada daga Gaya. Ba ya shiga gidana sai da dalili. Ranar sai ga shi da rabin buhun gero a bayan ɗan kabu-kabu. Na tsuguna nesa da shi a zaure, kaina a ƙasa.

“Isuhu, ina gida? Ina aiki?”

“Da godiya, Baba.”

“Madalla.” Ya ja tasbaha. “Uwar Rabi tana marmarin jikokinta. In anka yi Sallah su taho Gaya su ɗan kwana biyu. Kai ma ka samu sararin harkokinka.”

Na ce to. Bai ce yaushe za su dawo ba, ni ma ban tambaya ba. Haka mutanen kirki ke ɗauke 'yarsu a wurinmu, ba faɗa, ba kai ƙara. Kwana biyu ya zama wata biyu, ya zama shekara, wata rana a aiko maka cewa ka sawwaƙe mata. Bayan ya tafi Rabi ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, wallahi ban ce mashi komi ba. Ramar wuyan Habu yag gani.”

Kwana ashirin ke nan suka rage mini, ko ƙasa da haka.

Bayan kwana biyu rediyon gari ya yi sanarwa da Dandanci da Hausa. Ma'aikatar samar da aiki ta gwamnati, wadda ke da reshe a Kandi, za ta aiko mutane meri, wato gidan magajin gari, su rubuta waɗanda suka daɗe ba su da aiki. Waɗanda aka zaɓa za a kai su wurin masu ɗaukar ma'aikata, gwamnati ta riƙe su na wasu watanni har su kama, in sun yi kyau a bar su. Suka nanata cewa na waɗanda suka daɗe ne, waɗanda kowa ya ƙi. Na ji kamar sunana kawai ba su kira ba.

Ranar na isa meri da sassafe na tarar da layi har bakin titi, ana yayyafi. Rabin mutanen na san su. Muka gaisa muna kauce wa idon juna. Wannan ya ce ƙanensa ya zo karɓar wa takarda, wancan ya ce wucewa yake ya ga taro. Ni ma na ce ɗan'uwan matata ne ya aiko ni. Layi guda na masu ƙanne, babu mai neman aiki ko ɗaya.

A baranda aka kafa teburin, kowa na jin abin da ake faɗa. Wata mata ce ke rubutu, mutuniyar kudu, Madam Odil, ba ta jin Hausa ba ta jin Dandanci. Aka ba ta tsohon masinjan meri ya yi mata tafinta. Da layi ya zo kaina masinjan ya gane ni.

“A'a, Isuhu na magaza! Kwana biyu. Ina aiki?”

“Aiki da godiya.”

Madam ta ɗago ta tambaye shi me muka ce. Shi kuma, mai gaskiya, ya juya mata shi kalma da kalma da Faransanci: ya ce aikinsa lafiya, yana godiya. Ina jinsa. Faransancina ya fi nasa, da na buɗe baki da na gyara. Amma layi na bayana, kunnuwa a miƙe. Ta tambayi sunana da shekaruna da takardun lakwal, sannan ta ce, “Yanzu me kake yi?”

Na dubi masinjan na ce da Hausa, “Muna ɗan taɓawa.”

Wanda ba namu ba sai an yi masa bayani. Alhajin da ke da mota goma a hanyar Kwatano, in ka tambaye shi harka, zai ce muna ɗan taɓawa, don kada a yi masa baki. Wanda ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba shi ma haka zai ce, don kada a raina shi. Mai tambaya ya san wanne ne wanne, ya duba takalmi ya yi shiru. Masinja ya ce wa Madam ina ɗan ƙaramin kasuwanci. Ta yi wata alama a takarda, ta ce na gaba. Na koma gida ina jin daɗin kaina, wai na yi rajista kuma ban zubar da girma ba.

Kwana takwas ina jira. Geron surukina muke ci. Rabi ta daina yi mini maganar komai sai ruwan alwala. Ranar da aka liƙa sunaye a barandar meri na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, na bi da yatsa a karo na uku. Babu Isuhu. Akwai yaran da ba su fi shekara ɗaya da rabi a zaune ba. Ni mai uku babu ni. Na fita daga barandar na tsaya cikin ruwa, ban ma san ana ruwan ba sai da wani ɗan kabu-kabu ya yi mini oda.

Ban koma gida ba. Na nufi tasha na samu wani direba da na sani tun magaza, zai koma Kwatano da mota ba kaya. Na roƙe shi ya sauke ni a Kandi, ya ce in hau baya. Muka wuce garin Gene ana tafka ruwa, ina maƙure a kusurwa da buhu a ka. Matafiyi an yarda ya sha azumi, na sani, amma da me zan sha shi?

Reshen na Kandi ɗaki biyu ne a bayan wani gini, da fanka wadda ba ta juyawa. Madam Odil na nan, takardu jibge a gabanta. Na tsaya ina ɗiga a kan simintinta, na yi mata magana da Faransanci. Ta dube ni da mamaki, ta bincika ta zaro takardata.

“Ai kai ka ce kana da aiki,” in ji ta. “Ga shi nan. Aiki lafiya, ƙaramin kasuwanci. Wannan shirin ba na masu sana'a ba ne.”

Na ce, “Madam, gaisuwa ce.”

“Gaisuwa?”

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta ajiye alƙalami.

“To in mutum ba shi da aiki a wurinku, me yake cewa?”

“Haka yake cewa, Madam.”

“In yana da shi fa?”

“Haka dai.”

Ta jawo jibgin takardun Malanbil ta fara buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Alamar nan tana wuri guda a takarda bayan takarda. Ta dafe kai da hannu biyu ta daɗe a haka. Na ji daga baya sun sauya tambayar gaba ɗaya, sun koma tambayar mutum yaushe rabonsa da albashi da kuma abin da aka ci jiya a gidansa, kuma a ɗaki suke yi, ƙofa a rufe. Amma wannan daga baya ne. Ranar dai sunaye sun riga sun tafi sama.

Ban san lokacin da na fara gaya mata sauran ba: rigar guga, benci, Garu, surukina da kwana biyunsa. Da na zo kan Garu ta tsai da ni, ta tambayi kwana nawa na yi, ko na san shinkafa mai kyau da mai ruwa. Na ce yanzu kam na sani. Ta rubuta. Ta ce ƙwadagon kwana shida ba aiki ba ne a wurinsu, amma ilimi ne, kada in sake ɓoye shi.

Sannan ta ce akwai wuri ɗaya. Injin casar shinkafa na ƙungiyar manoma a Malanbil na neman mai awo wanda ya iya rubutu, kuma wanda aka ba wurin ya tafi Kwatano bai dawo ba. Za ta iya sa ni. Sai dai takardata ta ce ina da sana'a, ita kuma ba za ta iya goge abin da aka rubuta da bakinta kawai ba. Dole in kawo shaida daga delege, mai unguwarmu, da hannun mutum biyu waɗanda ba matata ba, cewa na yi shekara uku ba aiki. Ranar Juma'a za ta zo meri ta raba mutane wuraren aikinsu, da la'asar ta juya. In na kawo kafin nan, to.

Har na kai ƙofa ta kira ni. “Faɗi in ji. Ka ce ba ka da aiki.”

Da Faransanci ta fito sumul, don ba harshen da nake jin kunya da shi ba ne.

“Yanzu da harshenku.”

Na buɗe baki, na rufe. Ta ce, “Ka je kana koya a hanya, don da shi za ka nemi shaidu.”

Delegen unguwarmu dattijo ne Badande, mai saurin fahimta. Ya rubuta takardar ranar Laraba, ya ce in kawo mutanena. Na farko bai ba ni wuya ba. Tsohon mai gadin magazar, wanda tare muka tarar da kwaɗon nan, ya dangwala yatsa yana cewa ai shi ma shaidar kansa yake yi. Na biyu ne ya gagara. Na shiga gida huɗu a unguwa, na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga magana. Amsa ɗaya na samu. Maƙwabcina na jikin katanga ya ce, “Isuhu, mu dai kullum muna ganin ka hita da bik, ka komo da azahar. Da azumi ga baki ba mu shaidar abin da ba mu gani ba.” Gaskiyarsa. Shekara uku ina gina ƙaryar nan da kyau, ga shi ta tsaya da ƙafarta ta tare mini hanya.

Ranar Alhamis da la'asar na dawo hannu wofi. Na tarar da Rabi ta shimfiɗa babban zane a tsakar ɗaki, ta jera kayanta da na yara, ta ɗaure. Babanta ya aiko cewa ranar Sallah bayan an sauko idi zai turo a ɗauke su. Na zauna a bakin gado na gaya mata yadda aka yi.

“Akwai wanda yas sani,” in ji ta. “Wanda yak kawo hatsi.”

“Baba? Rabi, kin san abin da kika cewa kuwa?”

“Na sani. Malam, ko ka hwaɗa mashi da bakinka, ko ka raka mu bakin gada. Ni na gaji da guga.”

Juma'a ranar kasuwa ce, kuma ruwa ya tashi da gari. Delege ya ce lokaci ya ƙure, ya sa takardar da abin tawada a cikin riga ya biyo ni, don shi da Malam Garba sun san juna tun ban san kaina ba. Kasuwa ta zama taɓo har idon sawu. Muka same shi a rumfarsa yana rufe tabarmi da leda, 'yan kasuwa na dama da hagu sun taru a ƙarƙashin rumfar suna fakewa. Na so a ce babu kowa, amma ba ni na tsara ranar ba.

Aka gaisa. Delege ya zaro takardar ya karanta, ya fassara: mu masu shaida mun tabbatar Isuhu ba shi da aiki shekara uku. Malam Garba ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta motsa ba.

“Wa yac ce surukina ba shi da aiki? Ni ban taɓa jin haka ba. Shina taɓawa.”

Delege ya ce, “Malam, taimakonshi za ka yi. In ba wagga takarda, ba su ɗaukar shi.”

“Su bari. Ni in dangwala hannu in ce mijin ɗiyata zaman kashe wando shikai? Gaban mutane?” Ya rage murya, amma na ji. “Delege, shekara ukku ina kewayawa ta bayan asibiti da kayana, don kar in bi ta tasha in gane shi bisa benci shi ji kunya. Abin da nir ruhe shekara ukku, yau ka ce in buɗe da yatsana? Ku nemi wani.”

Ya juya ya ci gaba da jan leda. Daga nesa aka fara kiran farko na masallaci. Na lissafa: a yi Juma'a, a watse, la'asar ta yi, motar Madam ta kama hanyar Kandi. Tun da na auri Rabi ban taɓa yi wa mutumin nan magana mai tsawon numfashi biyu ba. Na durƙusa a cikin taɓon, gwiwa biyu, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Baba, ba ni da aiki. Shekara ukku ba ni da aiki. Hitar da nikai da sahe ƙarya ta. Hatsin da kak kawo shi muka ci hal yau, in ya ƙare ban san abin da za mu ci ba. Ka ruha mani asiri, na gode, Allah shi ruha naka. Yanzu don Allah, don Annabi, ka tona mani shi.”

Ruwa ya ci gaba da bugun leda. Mai igiyar da ke gefe ya sunkuya yana kwance wani ƙulli da ba ya bukatar kwancewa. Wani ya fita cikin ruwan ya tafi abinsa. Malam Garba ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

Ya kau da kai gefe ya miƙa wa delege babban yatsansa, kamar mai miƙa hannu a yi masa allura. Delege ya dangwala shi a tawada ya danna a takarda. Tsohon ya duba yatsan.

“Wagga aba tana hita? Masallaci za ni.”

“Da sabulu tana hita.”

Ya gyaɗa kai. Bai sake dubana ba, da delege yake magana amma da ni yake. “In takardar ga ta ci, Rabi ta zamna ɗakinta. In ba ta ci ba, shi kawo su gada da kainai, ba sai na aiko ba. Shi tashi, ya ɓata wandonai.”

Ko sallar Juma'ar ranar ban san me liman ya ce ba. Ana sallamewa na ruga meri, takardar a cikin leda a ƙirjina, taɓo har cinya. Na tarar Madam Odil ta gama da mutanenta, direba na loda kujeru a mota. Ta karɓa ta karanta a tsaye, ta duba yatsu biyun, ta dubi wandona. Ta jingina takarda a jikin motar ta rubuta sunana, ta yage wata 'yar ƙarama ta ba ni: ranar Litinin bayan Sallah, ƙarfe bakwai, injin casa, in nemi shugaban ƙungiya. Ta ce bayan wata guda za ta zo ta ga yadda nake, kuma in akwai matsala in faɗa mata da Faransanci.

Na isa gida rana na shirin faɗuwa. Yara na tsugune a bakin madafa suna jiran kunu. Rabi na ɗaki, zaune a kan ƙullin kayanta, mayafi a kafaɗa. Na miƙa mata 'yar takardar. Ba ta iya karatun boko ba, ta juya ta gaba da baya, sannan ta ɗago ta dube ni.

“Mu kwance kayan?”

“Ku kwance.”

Ta sauka ta durƙusa ta kama ƙullin. Ta ja, ya ƙi. Da fushi ta ɗaure shi jiya, danshi kuma ya ƙara ɗame zanen. Ta yi da farce, ta yi da yatsu biyu. Na matso zan taya ta, ta ture mini hannu. Sai ta sunkuya ta sa haƙori, da azumi a bakinta, tana ja tana kuka.